Matakala Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ɗakin ajiye takardu na kotu, shi ya sa ba mai kiranta da sunanta na yanka. Daga alƙali har masinja, kowa Uwar Fayil yake ce mata. Idan takarda ta ɓace a ginin nan, wurinta ake zuwa. Sai ta ɗan lumshe ido, ta ce a duba kabad na uku, can ƙasa, bayan fayil ɗin masu rigimar fili, kuma a nan ɗin za a same ta. Tun tana 'yar shekara shida ciwon shan inna ya riƙe mata ƙafafu, don haka duk wannan aiki a kan keken guragu ta yi shi. Hannayenta kuwa sun yi ƙarfin da takan ɗaga kwalin takardun da masinja ke nishi a kansa, ta ɗora a cinya ta wuce abinta.

A gidan ƙanenta take zaune, wanda duk dangi ke kira Auta, a wani ɗaki na baya. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ta a gidan, wannan gaskiya ce. Sai dai ƙofar banɗakin ta yi wa kekenta kaɗan, ga kuma dakali a bakin ɗakin. Kullum safe da yamma sai an ɗaga ta. Matar Auta mace ce mai kirki, amma tana da yara huɗu da aikin gabanta. "Yaya, bari in sauke tukunya in zo," in ji ta, sai Uwar Fayil ta zauna da tawul a kafaɗa tana jira. Ta kai shekara hamsin da bakwai tana jira, tana kuma godiya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma godiyar ta fi jiran gajiyar da ita.

Da ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama, sai ta haɗa da abin da ta daɗe tana tarawa, ta shiga neman gida. Wata biyar tana yawo a tasi, ta duba gini goma sha ɗaya. Wani ba lifta, wani liftar kamar akwatin gawa, wani kuma ƙofofinsa ko siririn mutum sai ya karkace. A ƙarshe ta samu wani sabon bene mai hawa tara a kan babban titi, kusa da tashar bas da asibiti. Irin ginin nan ne da kowa ke sayen nasa fulat, a yi tarayya a lifta da farfajiya da wurin ajiye motoci. Lokacin da ta je, ciki ya kammala amma gaban ginin duk yashi ne da ƙarafa, sai ta wurin motoci aka shigar da ita. Ta fito da tef ɗin awo daga jaka ta auna kowace ƙofa ta fulat ɗin hawa na shida. Duk sun yi. Ta shiga banɗaki ta juya kekenta a ciki sau biyu, ba ta taɓa bango ba.

Manajan sayarwa saurayi ne mai fara'a da yawan turare. Ya shimfiɗa mata zanen gaban ginin, ya nuna mata matakala a tsakiya, da gangaren keke a hagu mai ƙarfen dafawa.

Ta ce, "A rubuta shi a cikin yarjejeniya."

Ya yi dariya. "Mama, ai ga shi a zane."

"To rubutawa ba zai ba ka wuya ba ke nan."

Haka aka ƙara sashe na goma sha huɗu: kamfani zai gina gangaren keke a babbar ƙofa, da ƙarfen dafawa, kafin ranar miƙa makulli. Ta karanta sau biyu, ta gyara musu wani waƙafi, sannan ta sa hannu ta biya.

Ranar karɓar makulli ta faɗo Talata. Auta ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya yi hayar motar kaya, aka loda gado da firji da kwalaye. Su kuma suka riga motar isowa a tasi da misalin ƙarfe tara na safe. Ya fito da kekenta daga but, ta zame ta hau, ta juyo ta fuskanci ginin.

Matakala huɗu ne na baƙar marmara, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. A hagu, inda zane ya nuna gangare, an gina doguwar gadar siminti an shuka mata furanni ja da fari, da wani ɗan famfo mai feshin ruwa a tsakiya, da sunan kamfanin a rubuce da ƙarfe mai launin zinare.

Manaja ya sauko da sassarfa, makulli na lilo a hannunsa an ɗaura masa jan zare. "Mama, barka da zuwa gidanki. Kin ga yadda wurin ya fito?"

"Na gani. Ina gangaren?"

"To, an ɗan yi gyara a zanen. Amma kada ki damu, mun tanadi komai. Muna da masu gadi ƙarfafa, safe da yamma. Duk lokacin da za ki hau ko za ki sauka, magana ɗaya za ki yi su ɗaga ki da keken gaba ɗaya."

Ya yi wa masu gadi biyu alama, suka matso suna naɗe hannun riga. Ta ɗora tafukanta a kan tayoyin keken ta riƙe gam.

"Kada wanda ya taɓa min keke."

Ba ta ɗaga murya ba, amma suka tsaya cak.

Ta ce, "Manaja, gida na saya. Ban sayi bayan kowa ba."

Ya sosa ƙeya, ya ce ai akwai kuma hanyar baya, wadda ta bi ranar farko. Ta ce a je a gani. Suka zaga ta gefen ginin. Yanzu an sa wa hanyar ƙyauren ƙarfe, makullinsa na wurin masu shara, an kuma jera manyan durom shida na zuba shara a bakin wurin, ƙudaje sun riga sun gano su. Gangaren na motoci ne, ya miƙe ƙasa sosai, wanda ranar farko ma sai da mutum biyu suka riƙe keken ta baya.

Ta ce, "Wato in zan shiga gidana, in nemo mai shara ya buɗe min, in bi tsakanin durom. In baƙo ya zo, shi ya bi ta marmara, mu haɗu a sama."

"Na ɗan lokaci ne, Mama."

"Nawa ne ɗan lokacin? Rubuta min ranar."

Bai rubuta ba. Ya miƙo mata takardar karɓar gida da biro, ya ce ta dai sa hannu ta karɓi makulli, sauran magana a yi ta a hankali. Ta karɓi takardar ta karanta. Layi na ƙarshe na cewa mai saye ya duba ya gamsu kamfani ya cika dukkan alkawuransa. Ta mayar masa da ita da biron.

Auta ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Yaya, motar kaya ta iso fa. Ki sa hannu mu shiga, ni zan ɗauke ki. Matakala huɗu ne kawai."

"Ka ce wa direba ya juya."

"Ya juya ina?"

"Inda ya ɗauko kayan."

Aka mayar da gado da firji ɗakin baya.

Kowa ya ɗauka ƙarar kamfanin za ta kai kotu, tunda can gidanta ne. Amma ta san kotu ciki da waje. Ta san fayil irin wannan kan yi shekara huɗu yana yawo daga kabad zuwa kabad, ita da kanta ta sha kaɗe wa irinsa ƙura. Sai ta rubuta wa kamfanin wasiƙa mai layi bakwai, ta kai ofishinsu, ta tsaya har aka buga mata hatimin karɓa a kan kwafinta. Washegari da ƙarfe tara tasi ta sauke ta a gaban ginin. Ta gyara kekenta a gindin matakalar, ta ɗaura lema a jikin hannun keken, ta ajiye fulas ɗin shayi a gefe, ta buɗe jarida.

Ba ta ɗaga kwali ba, ba ta yi ihu ba. Zama kawai ta yi, daga tara zuwa huɗu. Amma kamfanin na da fulat kusan ashirin da ba a sayar ba, kuma duk mai zuwa dubawa sai ya wuce ta gabanta. Mutane kuwa ba sa iya ganin dattijuwa mai tsabta da tabarau a zaune a rana su ƙi tambaya.

"Mama, wani kike jira?"

"Gidana nake jira. Yana hawa na shida."

Sai ta ciro yarjejeniyar, ta buɗe sashe na goma sha huɗu, ta nuna musu da yatsa, ta kuma nuna furannin. Ba ta cewa kada su saya. Ginin yana da kyau, takan ce, ruwa na hawa har sama, ƙofofin ma masu faɗi ne. "Sai dai duk abin da suka faɗa muku, ku sa su rubuta. Ni da na sa aka rubuta ma ga ni nan."

A rana ta uku manaja ya sauko fuska a haɗe. Ya ce tana ɓata musu kasuwa, in ba ta tashi ba zai sa a tashe ta.

Ta ce, "Duba sashe na uku. Duk mai fulat yana da kaso a farfajiya. A kan nawa kason nake zaune."

Ya juya ga babban maigadi, wani dattijo mai furfura a gemu. Dattijon ya ce shi an ɗauke shi ya hana ɓarayi shiga ne, wannan kuwa ko shiga ba ta yi ba. Daga ranar, in rana ta karkata, shi ke zuwa ya gyara mata lemar, bayan ya tambaye ta tukuna.

Rana ta shida ce ta fi yi mata ɗaci. Ta ɗan gyangyaɗa bayan azahar, sai ta ji an ajiye mata wani abu a cinya. Ta buɗe ido ta ga takardar kuɗi, ga wani mutum mai jakar hannu yana wucewa da sauri. Ta kira shi har sau uku kafin ya waiwayo.

"Bawan Allah, ka yar da kuɗinka."

"A'a, Mama, naki ne. Ki sa mu a addu'a."

"Zan sa ka. Amma zo ka ɗauki abinka. Ni mai gida ce a nan."

Ya dawo ya karɓa yana ta ba da haƙuri. Bayan ya tafi ta riƙe jaridar a gaban fuskarta ta daɗe, ba kuma karatu take ba. Shekara talatin da ɗaya tana fita aiki tun da sassafe don kada wani ya taɓa yi mata haka, ga shi ta kawo kanta bakin titi an yi mata. Ranar tun ƙarfe biyu ta kira tasi.

Labarin ya riga ta isa gida, don wani abokin aikin Auta ya gan ta daga cikin bas. Da yamma Auta ya shigo ɗakinta, ya zauna a kan kwalin da ba a buɗe ba.

"Yaya, a ofis ana tambayata ko mun kore ki ne. Wani cewa ya yi ya gan ki kina bara."

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce yayata ce, kanta ya fi dutse tauri." Ya goge fuska da hannu. "Ki gaya min gaskiya. Shekara nawa ina ɗaukarki? Tun ina ɗan sakandare. Na taɓa cewa na gaji?"

"Ba ka taɓa ba."

"To mene ne a ciki don maigadi ya ɗaga ki matakala huɗu?"

"Ni ce na gaji, Auta."

Ya ɗago ya dube ta. Ta ce masa tun tana yarinya ba ta taɓa fita daga gida ba tare da wani ya sani ba. Ba ta taɓa cewa bari in je in sayo sabulu, ta tashi ta tafi, ta dawo, ba tare da ta nemi hannun wani ba. Ba wani wuri take son zuwa ba ma. So take in ta ga dama ta fita, in ta ga dama ta fasa a bakin ƙofa ta koma, ba wanda ya naɗe hannun riga a banza.

Auta ya tashi ya fita. Amma da safe, da ta fito tana shirin kiran tasi, sai ta tarar ya tayar da mota yana jira. Ya ce hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce, su duka sun sani.

A rana ta tara kamfanin ya kawo nasa maganin. Kafintoci biyu suka zo da katako mai kauri, suka ɗora shi daga matakalar sama zuwa ƙasa, suka buga masa ƙusoshi, suka shafa masa baƙin fenti don ya dace da marmara. Manaja ya fito da murmushinsa na ranar farko, a bayansa injiniyar ginin, wata gajeriyar mace da hular kwano da takalma duk siminti.

"Mama, ga gangare. Yanzu sai sa hannu."

Uwar Fayil ta dubi katakon. Ya miƙe tsaye kamar tsanin hawa rufi.

Ta ce, "Madalla. Gwada min."

Ta matsa kusa da gadar furannin, ta dafa bakinta da hannu biyu, ta ɗaga jikinta ta zauna a kai, ta tura masa keken. Ya ja da baya yana dariyar yaƙe, ya ce shi bai iya ba, kuma rigarsa fara ce.

Injiniya ta cire hularta ta miƙa wa maigadi. "Bari ni in gwada, Anti."

Ta zauna, ta kama tayoyin, ta ja baya kaɗan ta taho da ƙarfi. Keken ya hau kamar taku ɗaya, ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga sama, sai ga shi ya kifo ta baya. Maigadi ya yi wuf ya tare kanta, amma gwiwar hannunta ta daki ƙasa ta kuje. Mutum uku da suka zo duba fulat suna tsaye suna kallo.

Ta tashi ta kaɗe jikinta, ta mayar da keken gaban mai shi, ta ce wa kafintocin su cire katakon yanzu, kafin ya kashe wani. Manaja ya fara magana, ta ce masa in yana son katakon ya zauna, sai ya sa hannu da kansa a kan rahoton amincewa da aikin, ita ba za ta sa ba. Ya koma ciki yana latsa waya.

Injiniya ta zauna a bakin gadar furannin tana matse ciwon da hankici. Uwar Fayil ta zuba mata shayi a murfin fulas.

Injiniya ta ce, "Anti, ni na zana gangaren nan. Har mun kafa katakon zuba siminti. Mai kamfanin ya zo zagaye, ya tsaya daga can tsallaken titi, ya ce gaban ginin ya yi kama da asibiti, a cire a sa furanni. Na yi magana sau ɗaya, aka ce ba a tambaye ni ba. Sai na yi shiru."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina da ciwo a hannu da shaidu uku. Zan rubuta."

"Ki sa kwanan wata, ki kuma riƙe kwafi."

Ranar Asabar masu fulat suka yi taronsu na farko a zauren shiga, bayan ƙofar gilashi, a saman matakalar. Wani likitan haƙori da ya sayi fulat biyu a hawa na takwas shi ya naɗa kansa shugaba. Daga ƙasa tana hango su a kan fararen kujerun roba, tana ganin bakinsu na motsi. Ta aiki maigadi ya ce musu akwai mai fulat ɗaya a waje.

Likitan ya fito ya tsaya a matakalar sama, hannu a aljihu. "Baiwar Allah, in kina son halarta ki bari a ɗauko ki. Kuma tunda kin zo, gara ki ji. Da yawanmu saboda kyan gaban nan muka saya. In aka fasa furannin aka shimfiɗa siminti, darajar gidajenmu za ta faɗi. Ba zai yiwu mutum arba'in su yi asara saboda mutum ɗaya ba. Za mu kaɗa ƙuri'a."

Ta ce, "Ku kaɗa, likita. Ni ba ƙuri'a na zo nema ba. Abin da na saya yana rubuce tun kafin a shuka furen nan. Na zo ne in ji maganar ruwa da shara da kuɗin lifta, don ni ma zan biya."

Yana shirin amsawa sai wata mai jego daga hawa na huɗu ta fito ta bayansa da keken tagwayenta. Ta saukar da shi matakala ɗaya bayan ɗaya, kowace saukarwa yaran na girgiza, ɗaya ya farka ya fara kuka. Da ta iso ƙasa ta tsaya kusa da Uwar Fayil tana haki. Ta ce ita dai daga nan za ta yi nata taron, don sau huɗu take wannan aikin kowace rana. Sai wani tsohon malamin makaranta mai ciwon gwiwa ya sauko da sandarsa, ya ce a miƙo masa kujerarsa. Daga nan kujeru suka fara saukowa. Ba duka ba. Mutum goma sha ɗaya suka sauko, sauran suka zauna a ciki tare da likitan, aka yi taro biyu a gini ɗaya, kowanne da nasa mai rubuta bayani. Na ƙasa Uwar Fayil ce ta rubuta, kuma nata ne kaɗai aka iya karantawa daga baya.

Ba taron ne ya juya maganar ba. Abin da ya juya ta shi ne rahoton injiniya, da kuma wasu masu saye uku da suka ce sai lauyansu ya duba yarjejeniya tukuna, don sun ji kamfanin ba ya cika abin da ya rubuta. A mako na uku wata baƙar mota ta tsaya a tsallaken titi, aka sauke gilashi, wani mai ƙiba, mai kamfanin da kansa, ya daɗe yana kallon dattijuwar da lemarta. Ita ma ta kalle shi ta saman tabarau har motar ta tashi. Bayan kwana biyu leburori suka zo da diga.

Aikin ya ci kwana goma sha biyu, kuma kullum tana wurin. Da birkila ya so ya gajarta gangaren don a bar rabin furannin, ita da injiniya suka tsaya a kansa har ya miƙe shi yadda zane ya ce, da wurin hutawa a tsakiya. Famfon feshin ya tafi. Sunan kamfanin aka mayar da shi jikin bango. Likitan haƙori ya daina bi ta babbar ƙofa, yana shiga da motarsa ta ƙasa, kuma har yau in sun haɗu a lifta silin yake kallo.

Ranar da siminti ya bushe aka ɗaura ƙarfen dafawa, Auta ya sake hayar motar kaya. Manaja ya fito da makulli da takarda, a bayansa wani mai kyamara da wata budurwa riƙe da kwandon furanni.

"Mama, komai ya wuce. Mai kamfani ya ce a gaishe ki. Za mu ɗan ɗauke ki hoto kina hawa, a sa a tallanmu, mutane su ga gininmu na kowa da kowa ne."

"A'a."

"Hoto ɗaya ne kawai."

"Ka ɗauki gangaren, naku ne, kun gina shi da kyau. Fuskata ba ta cikin yarjejeniya."

Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Ta karɓi takardar, ta karanta ta daga farko har ƙarshe yayin da manaja ke canza ƙafa, ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata, ta karɓi makullin ta cire jan zaren ta miƙa masa.

Auta ya zo bayanta ya kai hannu ga keken, sai ya tuna, ya mayar da hannun aljihu. Ta kama tayoyin ta tura. Sabon simintin yana da ɗan kaushi, tayoyin suka kama shi sosai. A wurin hutawa ta tsaya ta ja numfashi, don kafaɗunta ba na da ba ne, sannan ta ƙarasa. Maigadi ya riƙe mata ƙofar gilashi yana gaishe ta da zuwa.

A hawa na shida fulat ɗin na warin fenti, rana ta shigo ta tagar falo ta kwanta a kan tayil. Daga can ƙasa ana jin ƙarar bas-bas kaɗan-kaɗan. Ba ta daɗe ba lifta ta buɗe, Auta da direban motar kaya suka fito da firji suna nishi.

"Yaya, ina za a ajiye wannan jibgegen?"

"Kicin, gefen taga."

Suka kai shi, suka jingina da bango, Auta ya share gumi.

Ta leƙo ta duba. "Ba nan ba. In ya zauna a nan ƙofarsa za ta tare min hanya. Ku matsar da shi dama."

"Yaya, bayana fa."

"Taku biyu ne. In kun gama akwai gado a ƙasa."